Tururin nukiliya da jikin mutum: abin da ke faruwa a cikin ƙwaya guda

A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Birazil, wasu mutum biyu masu tsintar tsofaffin ƙarafa suka shiga wani asibitin ciwon daji, wato kansa, da aka tashi aka bar shi kango. Suka tarar da wata na'ura mai nauyin gaske, suka kwance kanta, suka ɗora a baro suka kai gida. Kwana da kwanaki suna dukanta har suka huda wani ɗan ƙoƙon ƙarfe da ke ciki, daga baya suka sayar wa wani dillalin ƙarafa. Da dare dillalin ya shiga wurin ajiyarsa, sai ya ga wani shuɗin haske na fitowa daga ƙoƙon. Abin ya ƙayatar da shi. Ya shiga da shi cikin gida, ya kira 'yan uwa da abokan arziki su zo su gani, har ya ɗiɗɗiba musu garin da ke ciki. Wasu suka shafa a fata don su ga yana ƙyalli. Wata yarinya 'yar shekara 6 ta yi wasa da shi a ƙasa, ta kuma ci abinci da hannun ba ta wanke ba.

Garin nan sinadarin siziyom-137 ne, mai fitar da tururin nukiliya, kuma duka-duka bai kai giram 100 ba. Cikin 'yan kwanaki mutane suka fara amai da gudawa da jiri, hannuwan wasu suka kumbura. Matar dillalin ce ta lura duk wanda ya kusanci ƙoƙon sai ya kwanta. Ranar 28 ga wata ta sa shi a jaka, ta hau bas ta kai shi ofishin lafiya. Da gaskiya ta fito, an auna mutum wajen 112,000, aka samu 249 da garin a jikinsu ko a cikinsu. Huɗu suka rasu, ciki har da yarinyar, da matar nan da ta ceci sauran.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne babu wanda ya ji komai a lokacin da ɓarnar ke faruwa. Ba zafi, ba wari, ba raɗaɗi. Kuma in ka bi lissafi abin zai ƙara ɗaure maka kai. Ma'aunin da ake auna ƙarfin da jiki ya sha sunansa girey. Girey 4 zuwa 5 a duk jiki lokaci guda ya isa ya kashe rabin waɗanda ya sama in ba su samu magani ba. Amma da za a mayar da wannan ƙarfi zafi, abin da zai ƙara wa ɗumin jiki bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na digiri guda ba. Kurɓi ɗaya na ruwan zafi ya fi shi. To ta yaya abin da bai kai kurɓin ruwan zafi ba zai kai ƙato ƙasa? Amsar tana cikin wurin da ƙarfin yake sauka, da irin abin da yake tararwa a can.

Kafafen labarai sun saba cewa “tururin nukiliya”, kuma sunan ya zauna, sai dai yana sa mutum ya riƙa tunanin hayaƙi ko tururin tukunya. Abin da ake nufi shi ne radiyeshin, wato ƙarfin da ke fita daga wani abu ya ratsa sarari. Hasken fitila radiyeshin ne, haka igiyar rediyo da ta wayar salula. Wanda muke magana a kansa wani jinsi ne daban, mai ƙarfin da zai fizge elektron daga jikin atam, wato ƙwayar zarra. Duk abin da ke jikinmu atam-atam ne da suka riƙe juna, kuma elektron ne igiyar da ta ɗaure su. In aka fizge shi, ɗaurin ya kwance. Igiyar wayar salula ba ta iya wannan, domin ƙarfin kowane ɗigo nata ya gaza abin da ake buƙata kusan sau miliyan, kuma taruwar ɗigon ba ta cike giɓin, kamar yadda yara dubu da ba wanda jifarsa ke kai wa saman katanga ba za su kai ba don sun taru. Iyakacinta ɗumama nama kaɗan.

Masu fizgar elektron ɗin su ma hali ya bambanta. Alfa ƙwaya ce mai nauyi, fallen takarda ma yana tare ta, matacciyar fatar da ke saman jiki ta ishe ta shamaki. Amma in abin da ke fitar da ita ya shiga ciki ta numfashi ko ta baki, sai ta juye duk ƙarfinta a kan 'yan ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da ita, shi ya sa a lissafin illa ake ninka ta sau 20. Da irin wannan, foloniyom-210, aka kashe Alexander Litvinenko, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, a Landan a 2006. Beta ta fi ta tafiya, tana shiga fata ta ƙona ta. Gamma da eksire (wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti) kuwa haske ne da ido ba ya gani, suna ratsa mutum su fita ta baya, sai darma ko kankare mai kauri ke rage su. Akwai kuma niyutron da ke fita daga tukunyar nukiliya da bam. Saboda wannan bambanci aka samar da ma'auni na biyu, sibat, wanda ke la'akari da irin radiyeshin ɗin da sashen jikin da ya sama. A rayuwar yau da kullum da milisibat ake magana, kashi ɗaya cikin dubu na sibat.

Yanzu mu shiga cikin ƙwayar jiki guda. Jikin babban mutum yana da irinta sama da tiriliyan 30. A tsakiyar kowace, ban da irin su jajayen ƙwayoyin jini, akwai zaren DNA, wato zaren gado, wanda da za a warware shi zai kai mita 2, an nannaɗe shi a wurin da ido ba ya iya gani. Zaren nan shi ne kundin umarni: me ƙwayar za ta zama, yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta dakata. Tufka biyu ce da aka murɗe tare, kuma kowace tufka tana ɗauke da abin da za a iya sake rubuta 'yar uwarta da shi. A riƙe wannan, don kusan komai a kansa ya rataya.

Radiyeshin na iya dukan zaren kai tsaye. Amma galibi ba haka abin ke zuwa ba. Kashi 70 cikin 100 na ƙwaya ruwa ne, don haka ruwan ya fi dukowa. In ya fasa ruwa sai wasu gutsattsari su fito, mafi sharrinsu ana ce masa haidiroksil, wanda ba ya iya zama shi kaɗai, duk abin da ya tarar kusa sai ya cafke shi ya ɓata. Rayuwarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma in zaren gado na kusa, ta ishe shi. Wajen kashi biyu cikin uku na ɓarnar da eksire da gamma ke yi ta wannan hanya take zuwa.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zaren nan kullum cikin lalacewa yake ko ba radiyeshin. Aikin jiki na yau da kullum, musamman ƙona abinci da iskar oksijin, yana yi wa kowace ƙwaya rauni dubbai a rana. Muna raye ne saboda akwai masu gyara da ba sa barci. In tufka ɗaya ta tsinke, abu ne mai sauƙi: su duba ɗayar su kwafa. Inda gizo ke saƙar shi ne a tsinke tufka biyun a wuri guda, domin babu sauran abin dubawa. Girey 1 na gamma yana tsinke tufka ɗaya sau wajen 1,000 a ƙwaya, ya tsinke biyun tare sau 20 zuwa 40. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne masu kisa. Kuma radiyeshin ba ya rarraba rauninsa nan da can kamar yadda lalacewar yau da kullum ke yi, cunkusa shi yake wuri guda, yanka kusa da yanka. Alfa ta fi kowa wannan ta'asa. A irin haka mai gyara yakan kama bakin zare biyu ya ɗaure cikin gaggawa, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya yar da wani yanki, wani lokaci ma ya haɗa bakin wannan da na wani zaren daban.

Daga nan ƙwayar tana da makoma uku. Ko gyara ya yi kyau, a wuce kamar ba a yi ba, kuma wannan shi ne mafi yawa. Ko ɓarnar ta yi yawa ta mutu: akwai wani furotin mai suna p53 da ke tsayar da ƙwaya ya hana ta rabuwa har a gama gyara, in ya ga abin ya fi ƙarfin gyara sai ya sa ta kashe kanta. Ko kuma ta rayu da gyaran da aka yi ba daidai ba, ta ci gaba da haifar 'ya'ya masu ɗauke da kuskuren. Duk cutar da radiyeshin ke jawowa daga ɗayan biyun ƙarshe take fitowa, kuma cututtukan biyu ba su yi kama da juna ba ko kaɗan.

Idan ƙwayoyi suka mutu da yawa

Mutuwar ƙwaya ɗaya ko dubu ba komai ba ce, jiki na zubar da biliyoyi kowace rana ya maye gurbinsu. Sai adadin ya haura wani mizani kafin a ga ciwo, ƙasa da shi ba a ganin komai, sama da shi kuwa gwargwadon yawa gwargwadon tsanani. Tun 1906 wasu likitocin Faransa biyu, Bergonié da Tribondeau, suka gano cewa ƙwayoyin da ke yawan rabuwa su suka fi saurin faɗuwa. Dalili a fili yake: ƙwayar da zarenta ya tsinke tana iya lallaɓawa ta ci gaba da aiki, sai ranar da ta zo rabuwa biyu asirinta ke tonuwa. Su wa ke yawan rabuwa? Ɓargo mai ƙera jini, fatar cikin hanji, saiwar gashi, ƙasan fata, maniyyi, da ɗan tayi a ciki.

Wannan ne ke bayyana wani yanayi mai ban tausayi da likitoci suka sha gani. Wanda ya sha girey 3 ko 4 zai yi amai da tashin zuciya cikin sa'o'i, sannan ya warware. Ya tashi ya zauna, ya ci abinci, ya yi hira, 'yan uwa su yi hamdala. Alhali masana'antar jininsa ta riga ta tsaya. Abin da ke yawo a jijiyoyinsa tsohon kaya ne. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ba sa daɗewa, masu daskarar da jini kwana 8 zuwa 10 suke yi, jajaye ne ke kai kwana 120. Bayan mako biyu zuwa uku kayan sun ƙare ba sabo. Sai zazzaɓi, sai jini ta dasashi da ƙarƙashin fata, gashi ya zube, ƙaramar cutar da da ba za ta sa shi ko tari ba ta kwantar da shi. In an samu ƙarin jini, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da allurar da ke zaburar da ɓargo, da yawa suna tashi. In adadin ya kai wajen girey 10, hanji ne ke fara sallamawa, domin fatar cikinsa duk kwana 3 zuwa 5 ake sabunta ta. Ta saɓule, ruwa ya tsiyaye, ƙwayoyin cuta su kutsa cikin jini, da wuya a kai mako biyu. In ya kai gomomi, ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jini ke rushewa, cikin kwana ɗaya zuwa uku an gama.

A hatsarin tashar nukiliya ta Carnobil a Yukiren, ranar 26 ga Afrilu 1986, ma'aikata da 'yan kwana-kwana 134 aka tabbatar sun kamu da wannan ciwo, 28 suka rasu cikin watannin farko. Akwai kuma illolin da ke tsayawa a sashe guda: ƙunar fata da ba ta bayyana sai bayan kwanaki kuma ta ƙi warkewa, yanar ido, da ɗaukewar haihuwa na wani lokaci ko na dindindin. Ɗan tayi kuwa tsakanin mako na 8 da na 15, lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa, shi ya fi kowa rauni.

Idan ƙwaya ta rayu da kuskure

Wannan hanyar ta fi wuyar fahimta, kuma ita ta fi shafar yawancin mutane. A nan ba taron ƙwayoyi ake buƙata ba, guda ɗaya tak ta isa. A ce kuskuren ya faɗa a kan umarnin da ke ce wa ƙwaya “dakata”. Ba ranar za ta zama kansa ba. Sai ta tara wasu kurakuran a kai, shekara da shekaru, ta kuma kuɓuce wa garkuwar jiki. Yawanci hakan ba ya haɗuwa. Shi ya sa a nan ƙarin radiyeshin ƙarin yiwuwar kamuwa yake kawowa, ba ƙarin tsananin ciwon ba, kuma kansar da ya jawo ba ta da wata alama da za ta raba ta da sauran.

Da tsada ɗan Adam ya sayi wannan ilimi. Wilhelm Röntgen ya gano eksire a Jamus a 1895, Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyom a 1898, duniya ta ɗauka da murna ba tare da sanin kaifinsa ba. Likitocin farko da ke aiki da eksire da yawa sun rasa yatsu. Ita kanta Marie Curie ciwon mutuwar ɓargo ne ajalinta a 1934, kuma har yau littattafan da ta yi rubutu a ciki a akwatunan darma ake ajiye su. A Amurka, a shekarun 1920, 'yan mata masu shafa fentin radiyom a fuskar agogo don ya yi haske da dare sukan lashi bakin burushi su daidaita tsininsa, haka aka koya musu. Jiki yana ɗaukar radiyom tamkar kalsiyom, sai ya kai shi ƙashi ya adana. Haƙora suka zube, muƙamuƙai suka ruɓe, kansar ƙashi ta biyo baya. A 1927 Hermann Muller ya nuna a kan ƙananan ƙudaje cewa eksire na sauya abin da ake gada, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1946.

Sai dai mafi yawan abin da aka sani a yau daga Hiroshima da Nagasaki ya fito. Bama-baman nukiliya da aka jefa wa biranen nan na Japan ranar 6 da 9 ga Agusta 1945 sun kashe mutum wajen 200,000 kafin ƙarshen shekarar, akasari ta hanyar wuta da rugujewar gini. Daga 1950 aka fara bin rayuwar mutum wajen 120,000, ana lissafa nisan kowa da inda bam ya fashe da abin da ya kare shi, kuma har yanzu ana bi. Kansar jini ce ta fara ɗagowa, bayan shekara 2, ta kai ƙololuwa a shekara ta 6 zuwa ta 8. Sauran, irin na huhu da mama da ciki, sai bayan shekara 10 suka fara nunawa, kuma ƙarin bai gushe ba har tsufa. Wanda abin ya sama yana yaro ya fi shiga haɗari. Ga adadin da ya kamata a tsaya a kansa: tsakanin 1958 da 2009 an samu kansa, ban da ta jini, sama da 22,000 a cikin mutanen, kuma waɗanda lissafi ya ɗora wa radiyeshin wajen 1,000 ne. Dubun nan rayuka ne, kowane da iyalinsa. Amma adadin ya gaza abin da yawancin mutane ke zato nesa ba kusa ba. A 'ya'yan da suka haifa daga baya kuwa, duk da binciken gomomin shekaru, ba a ga ƙarin nakasa ko cutar gado ba.

Carnobil ta ƙara darasi guda: wani sinadarin yana da gidan da yake nufa a jiki. Ayodin-131 ya sauka a ciyawa, shanu suka ci, ya fito a madara, yara suka sha, halittar tayirod da ke maƙogwaro ta zuƙe shi domin ba ta bambanta shi da ayodin na ƙwarai. Zuwa 2005 an samu kansar tayirod sama da 6,000 a cikin waɗanda suke yara a lokacin a Belarus da Yukiren da Rasha, 15 suka rasu. Abin takaicin shi ne duk kwana 8 ƙarfin ayodin-131 ke raguwa da rabi. Da an hana shan madarar yankin na 'yan makonni, da mafi yawan wannan bai faru ba. Folan ta raba wa miliyoyin yara ayodin na ƙwarai don ya riga mai gubar cika gurbin. A lura, maganin nan tayirod kaɗai yake karewa, daga ayodin kaɗai.

To ɗan kaɗan fa? Nan ne masana suka daɗe suna kai ruwa rana. Babu wanda ke rayuwa ba radiyeshin. Yana zuwa daga sama, daga duwatsu, daga cikin jikinmu ma: a kowane sakan atam wajen 4,000 na fotasiyom-40 ke fashewa a jikin babban mutum. In aka haɗa, matsakaicin abin da mutum ke sha a shekara milisibat 2.4 ne, wasu wurare kamar Ramsar a Iran da gaɓar Kerala a Indiya sun ninka haka sau da yawa. Hoton ƙirji bai wuce 0.1 ba, kwatankwacin na mako biyu na zama kawai. Hoton siti sikan na ciki yana kai 8 zuwa 10. Daga milisibat 100 zuwa sama, ƙarin kansa a bayyane yake. Ƙasa da haka ganinsa na wuya, tunda ko ba komai kusan mutum ɗaya cikin biyar zai gamu da kansa a rayuwarsa, ɗan ƙari sai ya ɓace a cikin taron.

Hukumomin kariya sun zaɓi su ɗauka cewa babu adadin da ba shi da haɗari ko yaya, kuma haɗarin na tafiya daidai da yawa: kusan kashi 5 cikin 100 na mutuwa da kansa a kowane sibat guda. Da wannan lissafi, milisibat 10 na ƙara wa mutum haɗarin ɗaya cikin 2,000. A kansa aka gina dokar cewa ma'aikaci kada ya wuce matsakaicin milisibat 20 a shekara, sauran jama'a 1, ban da na asibiti da na halitta. Manyan bincike na baya-bayan nan sun ƙarfafa wannan zaɓi: an bi ma'aikatan nukiliya sama da 300,000 a Faransa da Birtaniya da Amurka, aka ga kansa na ƙaruwa kaɗan-kaɗan da abin da suka tara. A ganina zaɓin daidai ne wajen tsara kariya. Inda nake ƙin sa shi ne a ɗauki ɗan mitsitsin adadi a ninka da miliyoyin mutane a ce ga gawarwakin da za a yi. Ba don haka aka yi lissafin ba, kuma tsoron da yake haifarwa yana da nasa gawarwakin.

Hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan ya nuna haka a 2011. Babu wanda ciwon radiyeshin mai kisa nan take ya kashe, amma an kwashe mutum sama da 150,000, kuma sama da 2,000 a lardin, galibi tsofaffi da marasa lafiya, sun rasu saboda wahalar ƙaura da yankewar magani da ƙuncin zaman gudun hijira. Ga wasunsu an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Waɗanda suka tsira daga Hiroshima sun sha ƙyama wajen neman aure da aiki. A Goyaniya, ranar da za a binne yarinyar nan cikin akwatin darma, mutane sun tare maƙabarta da jifa don kada a sa ta kusa da nasu. Akwai bambanci tsakanin wanda radiyeshin ya ratsa da wanda ƙurar sinadarin ta maƙale masa. Na farko ba ya ɗauke da komai, wanda aka yi wa hoton ƙirji ya rungumi jaririnsa ba fargaba. Na biyu kuwa tuɓe tufafi kawai na raba shi da mafi yawan ƙurar, wanka da sabulu ya ƙarasa.

Wanda ya cancanci a damu da shi kuma ba a cika ambatonsa ba shi ne radon, iskar da ke tsattsafowa daga ƙasa mai yuraniyom, ba launi ba wari, ta taru a ɗakin da iska ba ta ratsawa da cikin ramukan haƙar ma'adinai. Shi kaɗai kusan rabin abin da mutum ke sha ne daga halitta. In an shaƙe shi, burbushinsa na maƙalewa a huhu yana harba alfa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ke jawo kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na kansar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma ga mai shan taba haɗarin ya ninka wajen sau 25.

A asibiti kuwa ina roƙon a riƙe abu biyu tare. Wanda ya faɗi ya bugu a kai, likita ya ce a yi siti sikan, ya yi: jinin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yau zai kashe, haɗarin hoton kuwa ƙarami ne kuma na nesa. Amma hoton da ba zai sauya magani ba bai da amfanin da zai biya ko ɗan ƙaramin haɗari, musamman ga yara. Wani bincike a Birtaniya a 2012 ya ƙiyasta cewa a duk hoton kai 10,000 da aka yi wa 'yan ƙasa da shekara 10, za a samu ƙarin kansar jini ɗaya da ƙarin ƙari ɗaya a ƙwaƙwalwa cikin shekara 10. Mai ciki ta faɗa kafin a ɗauka. Sikanin da ake duba ciki da shi da sauti yake aiki, MRI kuma da maganaɗisu, duka biyun ba su cikin wannan lissafi. Ma'aikaci kuma kariyarsa uku ce: ya rage lokaci, ya sa shamaki, ya ja da baya, don in ya ninka nisa sau biyu abin da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Na'urar da aka fasa a Goyaniya ta gasa ciwon kansa da radiyeshin ce, an ƙera ta ne don ceton rai, kuma kusan rabin masu kansa na buƙatar irin wannan gashi. Dabararsa ita ce duk abin da muka faɗa a sama, an juya shi a kan ciwon. Ƙwayoyin kansa na yawan rabuwa, da yawansu kuma masu gyaransu sun lalace. Sai likita ya auna ƙarin daga kusurwoyi daban-daban, yadda ƙarfin zai haɗu a kansa ya yi sauƙi a naman da ke kewaye. Jimillar na iya kai girey 60 zuwa 70, adadin da ya ninka mai kisa sau goma da ɗoriya, amma a wuri guda, kuma a rarrabe: girey 2 a rana, kwana biyar a mako, na mako shida zuwa bakwai. Tsakanin yau da gobe lafiyayyun ƙwayoyi sun ɗinke zarensu, na kansa ba su gama ba a sake dukansu.

Shi kuwa garin da ya fita daga ƙoƙon, sai da aka rushe gidaje, aka kankare ƙasar tsakar gida, aka tattara tufafi da kayan ɗaki da duk abin da ya taɓa. Giram ɗin nan da ba su kai 100 ba sun bar shara mai girman mita kubik 3,500, wadda aka rufe cikin kankare a wajen birnin. Siziyom-137 shekara 30 yake ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. A 2017 ya kai rabin farko, sai 2047 zai sauko kashi ɗaya cikin huɗu.